Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Sassan Fiziyoloji, Anatomi da Famakoloji Na Jami'o'inmu: A Gyara Zanen Mahaɗar Jijiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu shugabannin sassa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, zane guda ɗaya ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Babu ɗalibin likitanci ko na harhaɗa magunguna ko na jinya da zai wuce aji biyu bai kwafe shi a littafinsa ba. Ga ƙarshen ƙwayar jijiya a sama cike da 'yan jakunkunan sinadari, ga ɗan rata a tsakiya, ga ƙwaya ta biyu a ƙasa da makarɓanta, sai kibiya ɗaya tak tana kallon ƙasa. Zanen ba ƙarya ba ne, sai dai abu biyu sun ɓace a cikinsa. Na farko shi ne saƙon da ƙwaya mai karɓa ke mayarwa baya zuwa ga mai aikawa, wato endokanabinoid. Na biyu kuwa ƙwaya ta uku ce, astirosait, wadda ta rungume mahaɗar, take sauraro, take kuma sa baki. Wanda ya fita jami'a bai san waɗannan ba, ba zai iya bayyana wa majinyaci ko mahaifinsa abin da tabar wiwi ke yi wa tunawa ba, kuma zai riƙa haddace alamomin wasu cututtuka ba tare da sanin musabbabinsu ba.

Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS a watan Disamban 2022, ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30, wuƙa da nama suna hannunku. Ba sai an jira takarda daga Abuja ba.

A fara da daina faɗa wa ɗalibai cewa ƙwayoyin giliya, wato ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu tallafa wa jijiya irin su astirosait, sun ninka ƙwayoyin jijiya sau goma. A 2009 ayarin Suzana Herculano-Houzel a Burazil ya ƙidaya ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum, ya samu kimanin biliyan 86 na jijiya da kimanin biliyan 85 waɗanda ba na jijiya ba, har da na bangon hanyoyin jini a cikin lissafin. Kusan kunnen doki ke nan. Inda abin ya bambanta shi ne wuri-wuri: a ɓawon ƙwaƙwalwa jijiyoyi kusan biliyan 16 ne, sauran kuma biliyan 61, amma a sarabelam, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, jijiyoyi biliyan 69 ne, sauran biliyan 16. Darajar giliya ba a yawanta take ba, a aikinta take.

Ratar mahaɗa kusan nanomita 20 ce. Idan jaka ta fashe a ciki, gulutamet, sinadarin saƙo mai zabura jijiya, yakan kai wajen milimola 1, kuma dole a kwashe shi cikin kusan milisakan ɗaya, in ba haka ba saƙo na gaba zai haɗu da na baya. A wajen asetilkolin, wani sinadarin saƙon, akwai inzayim mai farfasa shi a nan take, ɗalibai sun san wannan sarai. Gulutamet ba shi da irin wannan inzayim a cikin ratar. Astirosait ce ke tsotse mafi yawansa da famfunan GLT-1 da GLAST. Kowane zagaye famfon yakan shigar da gulutamet 1 tare da sodiyam 3 da furoton 1, ya fitar da potasiyam 1. Ma'ana ƙarfin aikin gaba ɗaya ya dogara ne ga bambancin sodiyam tsakanin waje da ciki, shi kuma wannan bambanci ATP, makamashin ƙwaya, ne ke riƙe da shi. Daga nan ɗalibi zai gane da kansa abin da ke faruwa a shanyewar ɓarin jiki: jini ya yanke, ATP ya ƙare, bambancin sodiyam ya rushe, famfo ya tsaya ko ma ya juya yana fitar da gulutamet waje, makarɓan gulutamet nau'in NMDA su buɗe su ƙi rufewa, kalsiyam ya cika ƙwayar jijiya ya kashe ta. A 1997 Kohichi Tanaka da abokan aikinsa a Japan sun cire GLT-1 daga ɓeraye, sai ɓerayen suka riƙa farfaɗiya haka siddan har ta kashe su.

Gulutamet ɗin da astirosait ta tsotsa, takan haɗa shi da amoniya ta mayar da shi gulutamin, ta miƙa wa jijiya ta sake sarrafawa. Inzayim ɗin da ke wannan aiki a ƙwaƙwalwa kusan a astirosait kaɗai ake samunsa. To, a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, wannan ba karatun ado ba ne. Hanta ta gaza, amoniya ta hau a jini, astirosait ta yi ta mayar da ita gulutamin, gulutamin ya taru ya ja ruwa, ƙwayar ta kumbura, majinyaci ya rikice, barcinsa ya juya, hannunsa ya riƙa karkarwa in ya miƙe shi. Likitan da ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa ake ba da laktulos, maganin da ke rage amoniya daga hanji, har a samu bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, ya kuma san dalilin da zubar jini a hanji ke tayar da ciwon. Haka ma a 2004 an nuna cewa inzayim mai yin gulutamin ya ragu a hipokamfus, sashen tunawa, na masu farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa da aka yi wa tiyata. Potasiyam ma haka: yawansa a wajen ƙwaya kusan milimola 3 ne, yakan haura 10 a lokacin farfaɗiya, astirosait ce ke kwashe rarar ta ƙofar Kir4.1, kuma yaran da aka haifa da naƙasa a wannan ƙofa suna fama da farfaɗiya da tangaɗi da kurumta.

Sai kibiyar da ke komawa baya. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni sun ware THC, sinadarin da ke sa maye, daga wiwi a 1964. An gano makarɓinsa a ƙwaƙwalwa a 1988 a ɗakin binciken Allyn Howlett, aka fitar da ƙwayar gadonsa a 1990, shi ne CB1. CB2 ya biyo baya a 1993. Tambayar da ta rage ita ce, me jiki yake yi da makarɓin sinadarin ganye? Amsar ta zo a 1992 da aka samu anandamaid a ƙwaƙwalwar alade, sannan 2-AG a 1995, su ne endokanabinoid, sinadaran da jiki ke yi da kansa masu kama wannan makarɓi. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 1991 da 1992 masu auna lantarkin jijiya sun lura cewa idan aka zaburar da ƙwaya mai karɓa, saƙonnin GABA, sinadarin birki, da ke zuwa mata sukan yi sanyi na ɗan lokaci, ba a san ɗan aiken ba. A 2001 ɗakunan bincike uku suka haɗa zaren: Wilson da Nicoll, da ayarin Masanobu Kano, da Kreitzer da Regehr. Ɗan aiken endokanabinoid ne.

Muna roƙon a koyar da matakan ɗaya bayan ɗaya, domin kowane mataki wuri ne da magani ko cuta ke iya shiga. Ƙwaya mai karɓa ta yi aiki da yawa, kalsiyam ya hau a cikinta. Ko kuma gulutamet ya malalo gefen mahaɗa ya taɓa makarɓan mGluR1 ko mGluR5. Asetilkolin ma yana yin haka ta M1 da M3. Waɗannan makarɓai suna tayar da Gq, shi ya tayar da PLC-beta, wanda ke yanko DAG daga kitsen bangon ƙwaya. In hanyoyin biyu suka haɗu a lokaci guda, kalsiyam da makarɓi, abin da ake samarwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Inzayim DAGL-alfa ya mayar da DAG zuwa 2-AG. Shi 2-AG kitse ne, ba a tara shi a jaka a jira, ana yin sa ne lokacin da ake buƙata. Ya tsallaka ratar ya koma baya ya kama CB1 a ƙarshen jijiya mai aikawa. CB1 a nan yana aiki da Gi/o: ya rufe ƙofofin kalsiyam nau'in N da P/Q, jakunkuna su rage fashewa, saƙo ya yi sanyi. In kunnawar ta yi 'yan daƙiƙu, sanyin ma na daƙiƙu ne. In ta ɗauki mintuna, cAMP ya faɗi, mahaɗar na iya raunana na tsawon sa'a ko fiye. A ƙarshe MAGL ya farfasa 2-AG. Shi ke da kusan kashi 85 na wannan aiki a ƙwaƙwalwa, ABHD6 da ABHD12 su ƙarasa. Anandamaid kuwa FAAH ne ke farfasa shi. A 2010 aka cire DAGL-alfa daga ɓeraye, saƙon baya ya ɓace a manyan mahaɗun da aka gwada, abin da ya tabbatar da cewa 2-AG ne babban ɗan aiken, ba anandamaid ba, duk da shi ya fi suna a littattafai.

Ko babu na'ura, ana iya kawo hoton gwajin a aji a sa ɗalibai su karanta shi. Ana riƙe ƙwayar firamid ta yankin CA1 na hipokamfus da bakin gilashi, a auna saƙonnin GABA da ke shigo mata. A ɗaga lantarkinta zuwa milibolt 0 na daƙiƙa 1 zuwa 5, a sake ta. Saƙonnin su faɗi, su dawo a hankali cikin daƙiƙa ashirin da wani abu. A zuba BAPTA cikin ƙwayar ya kame kalsiyam, faɗuwar ta ɓace, alamar daga mai karɓa abin ya taso. A zuba AM251 mai toshe CB1, ta sake ɓacewa. A feso GABA kai tsaye kan ƙwayar, amsarta ba ta sauya ba, alamar makarɓanta lafiya lau suke, mai aikawa ce ta rage saki. Ɗalibin da ya bi wannan hujja da kansa ya koyi yadda ake tunani a kimiyya fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Kada a manta a faɗa musu cewa CB1 yana kan jijiyoyin gulutamet, yana kuma kan na GABA, kuma ya fi yawa a kan masu GABA masu ɗauke da CCK, alhali masu farbalbumin kusan ba su da shi. Saboda haka sinadari ɗaya na iya rage zabura a wannan mahaɗa, ya cire birki a waccan. A 2003 Giovanni Marsicano da Beat Lutz da abokansu sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa CB1 daga manyan jijiyoyi masu zabura sun fi shan wahalar farfaɗiya idan aka ba su sinadarin kainet. Wannan ne kariyar da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta.

Inda labaran biyu suka haɗu shi ne abin da muka fi so ku tsaya a kai. Tun 1990 aka ga kalsiyam yana tashi a astirosait idan gulutamet ya taɓa ta, a 1999 kuma Alfonso Araque da Philip Haydon da abokan aikinsu suka gabatar da ra'ayin mahaɗa mai ɓangare uku. A 2008 Marta Navarrete da Araque a Cibiyar Cajal da ke Madrid suka nuna cewa astirosait ma tana da CB1. Kaɗan ne ƙwarai, har ya sha kuɓuce wa masu rini, amma yana aiki. Abin mamakin shi ne a cikinta ba sanyaya abu yake yi ba: yana bin hanyar Gq da PLC, IP3 ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya, kalsiyam ya hau, astirosait ta saki gulutamet. A 2010 suka ƙara da cewa endokanabinoid ɗin da ƙwaya ɗaya ta saki yana raunana mahaɗun da ke kusa da ita, cikin kimanin maikuromita 60, amma ta hannun astirosait yana ƙarfafa mahaɗun wasu ƙwayoyi da ke nesa, inda gulutamet ɗin astirosait ke kama mGluR1 a jijiya mai aikawa. Kitse ba ya tafiya nesa da kansa. Astirosait ce ke ɗaukar saƙon, ta kuma juya ma'anarsa. In aka tuna cewa astirosait ɗaya a hipokamfus ɗin ɓera tana lulluɓe da mahaɗa wajen 140,000, ta mutum kuma ta fi ta girma da rassa, za a ga faɗin abin da ake magana a kai.

A 2012 ayarin Xia Zhang a Ottawa da na Marsicano a Bordo suka yi gwajin da ya kamata ya shiga kowane darasi a kan wiwi. Sun ba ɓeraye THC, riƙon abu na ɗan lokaci ya lalace, kamar yadda aka sani. Suka cire CB1 daga jijiyoyin gulutamet, lalacewar tana nan. Suka cire daga na GABA, tana nan. Da suka cire daga astirosait, sai THC ya kasa lalata riƙon. Hanyar da suka bi diddigi ita ce: THC ya kama CB1 na astirosait, gulutamet ya ƙaru a waje, makarɓan NMDA masu GluN2B suka kunnu, ƙwaya ta janye makarɓan gulutamet nau'in AMPA daga bangonta zuwa ciki, mahaɗar CA3 da CA1 ta raunana. Sai kuma a 2018 aka nuna ɗaya fuskar: ɓeran da ba shi da CB1 a astirosait, ko ba a ba shi komai ba, ba ya tuna abin da ya taɓa gani yadda ya kamata, domin D-serin ɗin da makarɓin NMDA ke buƙata kafin ya buɗe ya yi ƙaranci, kuma da aka ba shi D-serin sai tunawar ta dawo. Makarɓi ɗaya ke nan, babu shi babu tunawa, a cika masa aiki ma babu tunawa. Bambancin yana ga wuri da lokaci. 2-AG kamar mai ban-ruwa ne a garka, ya buɗe wa fangali ɗaya, ya sha, ya toshe ya wuce na gaba. THC kuwa ambaliya ce da ke kwanciya a kan fadamar gaba ɗaya na sa'o'i. Wannan ita ce amsar da za a ba saurayin da ya ce ai jiki ma yana yin nasa wiwin.

Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya a shekarar da ta gabace shi. Ɗalibanku za su gamu da su a asibiti da kantin magani. Ya kamata su san cewa hoton PET da aka ɗauka na masu sha kullum ya nuna CB1 ya ragu da kusan kashi 20 a ɓawon ƙwaƙwalwa, ya kuma farfaɗo bayan kimanin mako huɗu da dainawa. Wannan ya dace da abin da ake gani: rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci su fara cikin kwana 1 zuwa 3, su tsananta a makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Mai dainawa da aka gaya wa wannan tun farko ya fi jurewa. Su san cewa CB1 kaɗan ne a cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa wiwi shi kaɗai ba ya tsayar da numfashi irin na kodin da sauran dangin ofiyam. In aka kawo wanda numfashinsa ya yi ƙasa aka ce wiwi ya sha, a nemi abin da ya haɗa da shi. Su kuma san cewa THC rabin kunnawa yake yi wa CB1, amma kanabinoid na haɗi da ake fesa wa ganye suna kunna shi har ƙarshe, suna jawo farfaɗiya da ciwon ƙoda da mutuwa, kuma gwajin fitsari na THC da aka saba ba ya kama su.

Ba muna cewa a koyar da komai a matsayin abin da aka gama ba. Ayarin Ken McCarthy a Jami'ar Karolina ta Arewa ya cire IP3R2, babbar hanyar kalsiyam ɗin astirosait, bai ga sauyi a ƙarfin mahaɗa ba, ya buga haka a 2010. Daga baya aka gano cewa 'yan siraran rassan astirosait suna da tashin kalsiyam da ba ya bin IP3R2, wanda tsofaffin rini ba sa gani. An kuma nuna a 2013 cewa mGluR5 yana raguwa ƙwarai a astirosait ɗin babban ɓera, alhali gwaje-gwaje da yawa an yi su ne a kan 'ya'yan ɓeraye. Wani nau'in ɓera da aka daɗe ana amfani da shi don toshe sakin astirosait, an same shi yana taɓa jijiyoyi ma. Har 2018 ɓangarorin biyu suna musayar hujja a mujalla ɗaya. A ra'ayinmu, tsotsar gulutamet da potasiyam da saƙon 2-AG na baya sun kafu, a koyar da su kai tsaye. Sakin sinadari daga astirosait kuwa hujjarsa tana da ƙarfi amma yawancinta daga ɓera take, a koyar da ita tare da gardamar.

Masu famakoloji suna da darussa biyu masu ɗaci. Rimonaban, mai toshe CB1, ya samu izini a Turai a 2006 don rage ƙiba, aka dakatar da shi a 2008 saboda baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. A Janairun 2016 a Rennes ta Faransa, gwajin BIA 10-2474 mai hana FAAH ya kashe mutum ɗaya ya raunata ƙwaƙwalwar wasu, kuma bincike ya nuna yana taɓa wasu inzayim ɗin kitse bayan FAAH. Hana MAGL na dogon lokaci ma yana sa 2-AG ya taru har CB1 ya daina amsawa. Shi kuwa kanabidiyol da Amurka ta amince da shi a 2018 don farfaɗiyar Dravet da Lennox-Gastaut, ba ta hanyar kunna CB1 yake aiki ba. Ana farawa da miligiram 2.5 a kowane kilo sau biyu a rana, a kai 5, iyakarsa 10 sau biyu ga waɗannan cututtuka. Yana ɗaga yawan abin da maganin farfaɗiya kulobazam ke rikiɗewa zuwa gare shi a jini har yaro ya yi ta barci, kuma in aka haɗa shi da balfurowet, shi ma maganin farfaɗiya, sai a riƙa duba inzayim ɗin hanta. Wannan ba hujja ba ce ta ba mai farfaɗiya wiwi ko man da ba a san abin da ke ciki ba.

Maikurogiliya, ƙwayar garkuwar ƙwaƙwalwa, ma a ba ta ko da rabin awa: ita ke da CB2 musamman in ta tashi saboda rauni ko kumburi, tana yin endokanabinoid, kuma ita ke cinye mahaɗun da aka yi wa alama da C1q da C3 lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma.

Ga masu duba ayyukan ɗalibai na digiri na biyu da na uku, rinin GFAP da ake gano astirosait da shi yana nuna kusan kashi 15 ne kawai na jikin astirosait, manyan rassa ke nan, kuma astirosait da yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa mai lafiya ba sa ɗaukarsa sosai. In launi ya ƙaru bayan an ba ɓera wani ganye, ba a ce astirosait sun ƙaru ba sai an ƙidaya da wata alama kamar S100B ko SOX9 ko ALDH1L1, mai ƙidayar kuma bai san wane rukuni yake dubawa ba. Yanka biyar daga ɓera ɗaya ɓera ɗaya ne, ba biyar ba. Rinin CB2 da yawa na kasuwa suna ba da launi ko a naman da babu CB2, don haka kada a karɓi sakamako babu gwajin tabbatarwa. Inda na'urar hangen ta gagara, a nemi haɗin gwiwa da wurare irin su cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu.

Abin da muke nema bai fi awa huɗu a zango ba: awa ɗaya a anatomi kan giliya da ƙidayarta, biyu a fiziyoloji kan tsotsar gulutamet da saƙon baya da CB1 na astirosait, ɗaya a famakoloji kan THC da kanabidiyol da magungunan da suka faɗi. A sake zanen allo da ƙwaya ta uku da kibiya ta biyu, a kuma sa tambaya aƙalla ɗaya a jarrabawa wadda za a ba ɗalibi hoton gwaji a ce ya fassara. Muna fatan za ku gabatar da wannan a zaman kwamitin manhaja na gaba.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalam.

Naku,
Wasu malamai da masu bincike a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi